Daren da Aka Ɗora Mini Ogan

A Rotterdam ta ƙasar Holan akwai wani shagon tsofaffin fayafayai da mu masu son kiɗan jaz muke taruwa a ɗakinsa na baya sau ɗaya a wata, bayan an rufe ciniki. Ba ƙungiya ba ce mai rajista, ba shugaba, ba kuɗin shiga. Ƙa'idar guda ce: duk wanda ƙafarsa ta saba da wurin, wata rana za a ɗora masa dare ɗaya. Shi zai zaɓi abin da za a saurara, shi zai kawo hujjarsa, sannan ya gyara zama a yi masa ca. Da layi ya zo kaina, mai shagon ya ce an daɗe ba a taɓa ogan ba, wato abin kiɗan nan mai maɓallai kamar fiyano, ni zan ɗauka.

Yana da dalilinsa. Tun ranar da ya ji ni Bahaushe ne ya zaro mini faifan Mamman Sani na Nijar, wanda ya ɗauka a 1978 da ogan ɗin Orla ƙirar Italiya, kamfanin Sahel Sounds kuma ya sake fitar da shi a 2013. A ganinsa, wanda ya fito daga yankin da ya haifi wannan kiɗa bai kamata ya rasa ta cewa kan ogan ba. Na ce masa kiɗan Mamman Sani ba jaz ba ne, ogan ɗinsa ma ba irin na Amurkawa ba ne. Ya ce ya sani, amma magana ta riga ta fita.

Wanda ya fara kawo ni zaman wani dattijo ne, Bahaushen Kumasi, da ya yi ƙuruciyarsa yana danna fiyano a ƙungiyoyin kiɗan haylaif na Gana kafin ya ƙetaro Holan. Baba nake ce masa. Na same shi da doguwar takarda cike da sunayen fayafayan da na tsinto a intanet, ina so ya taya ni tacewa. Bai ko karɓa ba.

"Ɗana, ka taɓa tsayawa kusa da abin nan yana kuka?"

Na ce a'a, Baba.

"To ninke takardarka. Asabar ka zo da wuri, akwai inda za mu."

Gareji ne a bayan gari, na wani Bature mai furfura da ya ƙarar da rayuwarsa a gyaran ogan ƙirar Hammond. Wurin na warin tsohon katako da man inji. A tsakiya ga ogan ɗin, samfurin da ake kira B-3, akwatin katako mai ƙafa huɗu, jeri biyu na maɓallai, kowane jeri 61, a ƙasa kuma fedoji 25 na takawa da ƙafa. In aka haɗa da bencinsa da fedojin nauyinsa ya kusa kilo 190, kuma da irin wannan kaya makaɗan da suke yawo gari-gari, suna hawa da shi matakalar gidajen rawa.

Tayar da shi ma aiki ne. Makunni biyu gare shi. Mai gyaran ya ɗaga na farko ya riƙe, na ji wani abu a cikin akwatin ya fara juyawa yana gurnani ƙasa-ƙasa, yana ƙara gudu. Da ya kai inda ake so ya ɗaga na biyun, ya ɗan jira, sannan ya saki na farko. Ƙaramin inji ɗaya ne ke turawa, wani ke riƙe gudun. Ya buɗe bayan ya haska mini da tocila. Ashe babu bututun iska ko ɗaya a ciki, 'yan faifan ƙarfe ne guda 91, bakin kowanne da tudu da kwari, suna juyawa a gaban sandunan maganaɗisu da aka naɗe da waya. Yawan haƙoran faifai da saurin juyawarsa su ke ba da sauti guda. Laurens Hammond, wanda ya ƙirƙiro shi, asalinsa mai ƙera agogon lantarki ne a Chicago, kuma irin injin agogon ne ya ɗauko, mai bin bugun wutar lantarki sau da ƙafa. Shi ya sa ba a saita muryar Hammond yadda ake saita fiyano. Shi ya sa kuma wanda aka sayo daga Amurka, inda wuta ke bugawa sau 60 a daƙiƙa, in aka jona shi a Turai mai bugu 50 ba tare da na'urar daidaitawa ba, muryarsa gaba ɗaya sai ta faɗo ƙasa, ba zai yi daidai da kowane kayan kiɗa ba. Ya nuna mini 'yan mazuraran da ake ɗiga mai a ciki sau ɗaya a shekara, da zaren auduga siri-siri masu jan man zuwa kowace gaɓa. Ogan ɗin ya shiga kasuwa a 1935, B-3 ya biyo baya a 1954, aka daina ƙera masu faifan ƙarfe a tsakiyar shekarun 1970. Duk wanda ka gani yau, to, ya ba shekara hamsin baya ko ya kusa, man nan da zaren nan ne ke riƙe da ransa.

Sai 'yan sandunan ja. A saman maɓallan akwai su rukuni-rukuni, tara-tara, kowace ana jawo ta daga sifili zuwa takwas, kowace tana ƙara wani launi a muryar. Baba ya zauna, ya jawo ukun farko har ƙarshe, ya tura sauran shida ciki, ya danna wani maɓalli da ke sa kowane sauti ya fara da ɗan ƙwas kafin ya miƙe. Ya ce wannan shi ne saitin Jimmy Smith, babban mai ogan na jaz, takwas uku da sifili shida, kuma rabin fayafayan da ke takardata da shi aka yi su. Akwai kuma wata 'yar ƙara, ƙat, da ke fita duk lokacin da aka danna maɓalli, saboda wayoyi tara da ke haɗuwa a ƙarƙashinsa. Kamfanin ya ɗauke ta aibi, ya yi ta neman hanyar kashe ta. Makaɗan jaz kuwa ita suke so, don ita ke sa yatsa ya yi magana.

Amma abin da ya kama ni ba ogan ɗin ba ne, akwatin da ke gefensa ne, lasifikar Leslie. Wani mutum mai suna Don Leslie ya ƙirƙiro ta a farkon shekarun 1940, Hammond kansa bai ƙaunace ta ba, makaɗa suka ƙi rabuwa da ita. A samanta akwai ƙaho mai baki biyu yana juyawa, ɗaya ne kawai ke fitar da sauti, ɗayan toshe yake, don daidaita nauyi aka sa shi. A ƙasa akwai ganga mai juyawa a ƙarƙashin babbar lasifika. Gudu biyu gare ta, na a hankali da na sauri. Baba ya riƙe sauti ɗaya da hannun dama, ya ture ɗan makunnin da hagu. Ƙahon sama, da yake ba shi da nauyi, nan da nan ya ɗauki gudu, gangar ƙasa kuwa tana biye a baya tana jan jiki, kuma a wannan ɗan tsakanin, kafin su haɗu, sautin ya buɗe ya zagaye garejin, ya bugi bango ya dawo ta bayan kunnena. Na ji shi a ƙirji. Babu abin sa wa a kunne da zai ba ka wannan, domin ɗakin kansa yana cikin kiɗan.

Daga nan Baba ya ce in daina kallon hannunsa na dama, in kalli na hagu. A jerin maɓallai na ƙasa hannun hagun ke tafiya, taki ɗaya bayan ɗaya, yana yin aikin mai bes, wato mai riƙe ƙasan sautin kiɗa. Ƙafar hagu tana ɗan taɓa feda a kan kowane taki, taɓawa gajeriya, don ta ba sautin duka a farkonsa. Ƙafar dama tana kan wata babbar feda mai ƙara murya da rage ta. Mutane da yawa suna zaton da ƙafa ake yin bes ɗin duka. A salon Smith hannu ne ke ɗauke da shi, ƙafa tana tallafawa. Akwai masu yi da ƙafa zalla, irin su Rhoda Scott da ke zaune a Faransa tana kiɗa ba takalmi, da Barbara Dennerlein ta Jamus. Ko ta wace hanya, mai ogan mutum biyu ne a jiki ɗaya, kamar a ce mai kalangu shi ne kuma mai kuntukurun da ke riƙe masa kiɗa. Umarnin Baba kafin mu fito shi ne, duk faifan da zan saurara in fara bin ƙasansa, sai na gane tafiyar hannun hagu sannan in ɗago kai.

Haka na yi. Waya ba ta fitar da ƙasan sauti, don haka in na tashi aiki sai in biya shago, mai shagon ya sa mini a manyan lasifikunsa yayin da yake lissafin ciniki. Na fara da Smith, don ba yadda za a yi a kauce masa. Mutumin yankin Philadelphia ne, da fiyano ya fara, ya ji mai ogan Wild Bill Davis ya kamu, ya sayi ogan ya ajiye a wani sito, ya kulle kansa yana koyo kusan shekara guda. Da ya fito, kamfanin Blue Note ya ɗauke shi a 1956, aka shiga fitar da fayafayansa ba ƙaƙƙautawa. Kafin shi ana amfani da ogan ne a kwaikwayi babbar ƙungiya mai ƙahoni, ana danna sauti jingim. Shi ya zo yana gudu da layi ɗaya tsaf, irin na masu busa saksafon, a kan bes ɗin da ba ya tuntuɓe. Na zauna da The Sermon!, wanda kiɗan da ya ba shi suna ya kai minti ashirin, ga Lee Morgan, ga Lou Donaldson, ga Art Blakey a ganguna, kowa ya karɓa ya yi nasa ya miƙa, hannun hagun Smith kuwa bai huta ba daga farko har ƙarshe. Sannan Back at the Chicken Shack da Midnight Special, fayafayai biyu da aka ɗauka rana ɗaya, 25 ga Afrilun 1960, a sutudiyon Rudy Van Gelder da ke Englewood Cliffs, tare da Stanley Turrentine a saksafon, Kenny Burrell a jita, Donald Bailey a ganguna. Yini guda, fayafayai biyu da har yau ba su tsufa ba.

Na bi sauran da sauri-sauri: Jack McDuff, wanda George Benson ya yi ƙuruciya a ƙungiyarsa, Jimmy McGriff, da ya taɓa zama ɗan sanda, Richard Holmes da ake kira Groove, Lonnie Smith mai rawani, wanda ya rasu a 2021. Inda na tsaya na daɗe shi ne Larry Young da faifansa Unity. Ɗan Newark ne, daga baya ya musulunta ya ɗauki sunan Khalid Yasin, ya rasu a 1978 bai kai arba'in ba. An ɗauki Unity a Nuwamban 1965, yana da shekara 25, tare da Woody Shaw mai shekara 20 a tirampet, Joe Henderson a saksafon, da Elvin Jones, mai gangar John Coltrane, shahararren mai saksafon. Muryar ogan ɗinsa siririya ce, ba ihu, ba wa'azi, sautukansa a buɗe suke kamar ba su yanke inda za su sauka ba. Shi ake yi wa kirari da Coltrane na ogan. Da na bi shi ta ƙasa kamar yadda Baba ya ce, sai na ji abin da ya zama hujjata a daren: hannun hagun Young yana nan yana yin aikin da Smith ya kafa, taki bayan taki. Sama ce ta canza, tushen bai motsa ba.

Daren ya zo, ɗakin ya cika. Na san inda rigimar za ta ɓullo, domin na san mutanen. Akwai wani tsohon malamin lissafi wanda a wurinsa ogan ba shi da faifai sai Unity, saura duk kiɗan mashaya ne. Akwai wata ma'aikaciyar jinya 'yar asalin Suriname da ta tashi a coci, ita kuwa in kiɗa bai motsa kafaɗarta ba ba ta ga amfaninsa. Akwai wani saurayi ɗalibin makarantar kiɗa. Ga mai shago, ga Baba a kusurwa da kofin shayinsa.

Na fara da Back at the Chicken Shack, na roƙe su su bar Turrentine su bi ƙasa. Ko gama juyawa bai yi ba malamin lissafi ya ce buluz ne, tsohon salon kiɗan baƙaƙen fatar Amurka, mai layi goma sha biyu, an yi shi sau dubu, Smith ya sami abin da ke sayuwa ya zauna a kai har ya mutu a 2005. Mai shago ya karɓe ya ce a bambance, Smith na Blue Note daban, Smith na Verve daban. Tun da ya koma kamfanin Verve a 1962 aka lulluɓe shi da manyan ƙungiyoyi, su Oliver Nelson da Lalo Schifrin suna tsara masa ƙahoni, daga nan ne ya zama ɗan kasuwa. Saurayin ya ce ba haka ba, a Verve ɗin ne ya yi faifai da mai jita Wes Montgomery a 1966, a can kuma Root Down ya fito a 1972, wanda 'yan zamaninsu suka san Smith ta dalilinsa. Ma'aikaciyar jinya ta ce duk sun manta da mace, ina Shirley Scott? Dama ita ce ta biyu a jerina. Na sa Queen of the Organ, wanda aka ɗauka a gaban jama'a a Newark a 1964, ita da mijinta Turrentine. Nan wata sabuwa ta tashi, domin Shirley Scott takan ɗauki mai bes daban a fayafayanta, a wannan Bob Cranshaw ne. Malamin lissafi ya ce to ai ta sauke rabin kayan. Matar ta ce ta sauke ne don ta sami hannu biyu na yin ado, kuma a saurari yadda take shimfiɗa wa saksafon wuri, ba ta taɓa tsaya masa a gaba ba. Gaskiyarta. Taɓawar Scott tana da taushi da iska a ciki, abin da mazan da yawa ba su da shi.

Na ajiye Young a ƙarshe, kuma da gangan na zaɓi inda ƙahonin suka yi shiru, aka bar shi daga shi sai Elvin Jones suna juya wani kiɗan mai fiyano Thelonious Monk. A nan ba inda hannun hagu zai ɓuya. Da ya ƙare na faɗi abin da na zo da shi. Na ce wanda ya ɗaga Young don ya danne Smith bai saurari Young da kyau ba, domin ƙasan da Young ke tsaye a kai Smith ne ya share shi. Na kuma ce kalmar kiɗan mashaya da ake jifan Smith da ita tana damuna, kuma har yanzu tana damuna. Ogan ya shiga jaz ne ta cocin baƙaƙen fata da ƙananan gidajen kiɗa na unguwanninsu a Philadelphia da Newark da Harlem. Mai gida yana son sa saboda mutum uku, ogan da jita ko saksafon da ganga, suna cika ɗaki ba sai an biya mai bes ba. Masu sauraron leburori ne da direbobi da masu aikin asibiti da suka taso aiki a gajiye. Kiɗan da ya iya riƙe irin waɗannan mutane dare bayan dare, ya sa su rawa, kuma duk da haka masu busa irin su Lee Morgan suka ga ya isa su tsaya a kansa, ba ƙaramin kiɗa ba ne. Raina shi raina mutanen da aka yi shi dominsu ne.

Malamin lissafi bai sauka daga ra'ayinsa ba, ban kuma sa ran zai sauka ba. Ya ce ya yarda da maganar hannun hagu, amma tushe daban, gini daban, kuma shi ginin yake saye. Baba bai ce uffan ba sai da muka fito, a bakin ƙofa ya ce, "Ɗana, ka bar McGriff a baya, shi ne ya fi su sanin buluz." Ya ja hularsa ya nufi tashar jirgi.

Bayan wannan dare ne aka sa ni cikin masu tsara tafiya bikin North Sea Jazz, wanda shi ne babban abin da zaman namu ke jira duk shekara. Paul Acket ne ya kafa shi a 1976 a birnin Hague, aka dawo da shi Rotterdam a 2006, a ginin Ahoy. Kwana uku ake yi a watan Yuli, Juma'a zuwa Lahadi, a zauruka fiye da goma a lokaci guda, yawancinsu da sunan kogi: Nile, Maas, Amazon, Hudson, Congo, Madeira da sauransu. Tikitin yini ake saya, kuma mutum yakan saya tun kafin a fitar da cikakken jadawalin sa'o'i. Ranar da jadawalin ya fito, mai shago yakan buga shi a manyan takardu ya shimfiɗa a tebur, kowa ya zo da alƙalami.

Kafin a ja layi ɗaya sai an yi gardamar da ake yi kowace shekara. Malamin lissafi ya ɗora yatsa a kan manyan sunayen da ke zauren Nile, mawaƙan zamani da ba ruwansu da jaz, ya ce a cire kalmar daga sunan bikin a huta. Mai shago, da yake ɗan kasuwa ne, ya ce waɗannan sunaye su ke sayar da tikiti, kuɗinsu ne ke biyan tsohon mai saksafon da zai busa wa mutum ɗari biyu a ƙaramin zaure. Rigimar ta girmi dukkanmu. George Wein ya fara bikin jaz na Newport a Amurka a 1954, a 1969 ya gayyato ƙungiyoyin rok har da Led Zeppelin, a 1971 taron matasa ya karya shinge ya kutsa, dole bikin ya koma New York a shekarar da ta biyo. Bikin Montreux na Suwizalan, da Claude Nobs ya fara a 1967, tun da wuri ya buɗe ƙofa ga kowane irin kiɗa. Ni ina bayan mai shago, amma da sharaɗi: muddin ƙananan zaurukan suna nan, kuma ana cika su da mutanen kirki, babban zaure ya ɗauki wanda ya ga dama. Ranar da ƙananan suka fara raguwa, ranar malamin lissafi ya yi gaskiya.

Aikin tsarawar kansa ya fi gardamar wuya. Duk wanda kake so ka gani, akwai wani da kake so a daidai wannan lokaci a ɗaya ƙarshen ginin. Tsofaffin hannu suka koya mini dabarunsu. Ka zaɓi biyu ko uku da ba za ka bari ba ko ana ha-maza-ha-mata, saura ka bar wa ƙafarka. Ƙaramin zaure yana cika, in ya cika sai wani ya fita ake barin wani ya shiga, don haka ka je tun wanda ke gabansa bai sauka ba. Ka lissafa tafiya tsakanin zauruka, don cikin cunkoso tana cin lokaci. Kada ka raba kiɗa biyu rabi da rabi, za ka tashi ba ka ji ko ɗaya ba. Ni da Baba muka ƙara namu lissafin, domin a Yulin Holan rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma na dare, sai muka bar gurbi a jadawalin don magariba.

Da alƙalami ya zo hannuna na bi takardun ina neman ogan. Ba su da yawa. Manyan da suka rage sun tafi kusa da kusa, Lonnie Smith a 2021, Joey DeFrancesco a Agustan 2022 yana da shekara 51, mutumin da shahararren mai tirampet Miles Davis ya ɗauka yawon kiɗa tun yana ɗan 17, wanda kuma ya dawo wa ogan da martabarsa bayan an yi shekaru ana ganin zamaninsa ya wuce. Na sami wata ƙungiyar mutum uku a ɗaya daga ƙananan zauruka, a daidai lokacin da wani babban suna zai hau Nile. Na zagaye ta. Saurayin ya ce zan yi nadama, irin wancan mawaƙi ba kullum yake zuwa ba. Ma'aikaciyar jinya ta karɓi alƙalamin ta sa alamarta kusa da tawa.

Ranar muka sauka a tashar Zuidplein muka bi ayari zuwa Ahoy. Mun shiga zauren da wuri, muka sami kujeru ta gefen da nake so, inda zan ga hannun hagu da ƙafa. Abin da na fara dubawa shi ne kayan da ke kan dandamali, domin yanzu da yawa suna yawo ne da ogan na zamani mai kwaikwayon muryar Hammond da kwamfuta, wanda mutum ɗaya zai saɓa a kafaɗa, kuma ban ga laifinsu ba, bayan na ga nauyin na asalin. Wannan dai na katako ne, ga Leslie a bayansa an kafa mata makirfo sama da ƙasa. Mai ogan ɗin matashi ne. Ya fara da buluz a hankali, sandunan uku a waje, hannun hagu yana tafiya, diddigen takalminsa a sama yana ɗan taɓa feda a kan kowane taki. Can tsakiyar kiɗa na uku ya bar hanyar Smith ya shiga buɗaɗɗun sautukan nan irin na Young, mai ganga ya bi shi, ƙasan kuwa bai ko girgiza ba. Da ya zo gangara ya jawo sauran sandunan duka, ya ture makunnin Leslie zuwa sauri, zauren ya ɗauka, mutane suka miƙe tsaye. Ma'aikaciyar jinya tana tafi tana amsa masa da murya kamar yadda ake yi a cocinsu.

A jirgin komawa gida muka haɗu da sauran. Saurayin ya ce Nile ta cika maƙil, daga nesa ya hango mawaƙin a majigi, amma bai yi da-na-sani ba. Malamin lissafi, wanda ashe yana bayan zaurenmu a tsaye, ya ce yaron yana da hannu, sai dai buluz ɗin ya yi yawa. Baba ya ce buluz ɗin ne ma bai isa ba. Mai shago ya ciro 'yar takarda ya rubuta cewa zama na gaba na McGriff ne, ya miƙa wa malamin lissafi ya ce shi zai gabatar.